Littafin Yankari: anya marubuciyar ta yi mana adalci a ƙarshe?

Maman Ilham, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda bai kai ƙarshen littafin wannan watan ba ya dakata daga nan, don zan faɗi wanda ya yi kisan.

Littafin ya riƙe ni sosai, ban ɓoye ba. Tun daga yadda Alhaji ya kwashi iyalinsa daga Kaduna a dogon hutun watan Agusta, suka bi ta Saminaka zuwa Jos, suka sauka Bauchi, suka ɗauki hanyar Alƙaleri zuwa gandun dajin Yankari, na san mai rubutun nan ta taɓa bin hanyar da kanta. Dabarar da ta yi ta sa ruwan sama ya cinye kwalbati tsakanin ƙofar shiga da sansanin Wikki, inda maɓuɓɓugar ruwan ɗumi take, ita ce ƙashin bayan labarin gaba ɗaya. Babu mai fita, babu mai shiga, 'yan sanda suna can ƙetare suna jiran ruwa ya janye, ga gawar Alhaji an tsamo daga ruwan ɗumi da asuba. Dole wanda ya yi yana cikin waɗanda muke cin abinci da su. Ina son irin wannan.

Inda ta ɓata mini rai shi ne babin ƙarshe. Yaron nan ɗan ƙanin Alhaji, maraya, wanda ke ɗaukar jakunkuna tun shafin farko, shi ne ya yi, kuma dalilinsa gonar mahaifinsa da Alhaji ya sayar. To ina gonar take tun farko? Takardar cinikin ba ta fito ba sai da Goggo, yayar Alhaji wadda ta gano mai laifin, ta tara mutane ta zaro ta daga jakarta. Ni mai karatu ba a taɓa nuna mini ita ba. An ce in yi tsere da Goggo wajen gano mai laifi, alhali ita tana riƙe da takarda a jaka ni ba ni da komai. Wannan ba adalci ba ne.

Ummi Kawo

Wa alaikumus salam Anti. Ni wallahi amaryar na zarga har ƙarshe. Duk wanda ya saba da littattafanmu ya san in miji ya mutu kishiya ake kallo. Da na ga uwargida ta tashi cikin dare ta je ɗakin amarya ta kwana da ita don kada ta ji tsoro, sai na ce wannan ma makirci ne. Ashe tausayi ne tsantsa. Wurin nan ya sa ni hawaye.

Malam Sani, Tudun Wada

Maman Ilham, ƙorafinki yana da tushe, kuma tsohon ƙorafi ne a wannan fanni. A 1929 wani limamin coci ɗan Ingila mai suna Ronald Knox, wanda shi ma yana rubuta labaran bincike, ya tsara ƙa'idoji goma. Daga cikinsu akwai cewa mai laifin dole ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, kada a warware matsala da aljanu ko tsafi, kuma duk alamar da mai bincike ya tsinta dole a nuna wa mai karatu nan take. A ƙa'ida ta farko da ta biyu marubuciyarmu ta ci. Yaron yana nan tun farko, kuma duk da direban ya yi ta cewa mutanen ruwa ne suka ja Alhaji, ba ta bar labarin ya bi wannan hanyar ba. A ta ukun ce kike tuhumarta.

Amma ina so mu raba abu biyu. Akwai tambayar wa ya yi, akwai tambayar me ya sa. Takardar gona amsar ta biyu ce. Ta farkon kuwa an ba mu duk abin da ake buƙata. Ki koma babi na huɗu. Yaron ya ce wa ma'aikacin gandun dajin shi tun da suka zo bai taɓa sauka wurin ruwan ba, saboda yana tsoron ruwa tun yana ƙarami. A babi na tara kuma, da ƙaramar 'yar Alhaji take kukan ɗan kunnenta ya faɗa ruwa, shi ne ya ce mata kada ta damu, yashin ƙasan fari ne tas, in an haska za a gani. Wanda bai sauka ba ya aka yi ya san launin yashin? Goggo tana zaune a wurin tana jan carbi, mu ma muna wurin.

Abdul Rigasa

Malam, wannan ba hujja ba ce mai ƙarfi. Hotunan Wikki sun cika Facebook. Ni ban taɓa zuwa ba amma na san ruwan garau yake ana ganin ƙasa. Da ni ne yaron sai in ce a waya na gani, shi ke nan.

Malam Sani, Tudun Wada

Haka ne Abdul, shi ya sa Goggo ba ta kama shi da wannan kaɗai ba. Abin da ya yi shi ne ya sa ta fara kallonsa. Hujjar da ta rushe kowa ita ce ta lokacin mutuwar.

Anti Hauwa, Barnawa

Bari in shigo a nan tunda ta ɓangaren aikina ne. Wannan ne wurin da na fi yaba mata, kuma wurin da na ɗan yi mata gardama.

Jikin mai rai yana kan digiri 37. In rai ya fita, jiki yana hucewa a hankali har ya daidaita da abin da ke kewaye da shi, daga nan ya tsaya. Ruwan Wikki yana kan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ke nan gawar da ta kwana a ciki ba za ta sauka ƙasa da 31 ba. Ku tuna kuma safiyar an kwana ana ruwa, gari da sanyi, hannun kowa ya yi sanyi. Yarinyar nan ɗalibar likitanci ta taɓa wuyan Alhaji ta ji ɗumi, ta ce bai daɗe da rasuwa ba, wataƙila wajen kiran sallar farko. Kowa ya gina a kan maganarta. Da asuba kuwa maza duk suna sahu, yaron ma shi ya kira sallah. Amarya kaɗai aka gani a waje a lokacin. Alhali tun kafin sha biyun dare abin ya faru. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma ba za ta yiwu a wani wuri ba sai a wurin da ke da ruwan ɗumi. Da a Kogin Kaduna ne, gawar da sanyi za a tsamo ta.

Gardamata ita ce sandarewar gawa. Takan fara ne daga muƙamuƙi da wuya cikin 'yan awanni, kuma ɗumi yana hanzarta ta. Gawar da ta yi awa shida a ruwan ɗumi za a ji ta ta yi tauri wajen ɗagawa. Ɗaliba 'yar aji biyar ya kamata ta lura.

Zee Malali

Anti Hauwa, ai ba a bar ta ta duba ba. Tana taɓa wuyansa ƙanin uwargida ya daka mata tsawa wai mace ba ta taɓa gawar namijin da ba muharraminta ba, aka ja bargo aka rufe. Maza ne suka ɗauke shi, kuma babu wanda ya san ma'anar taurin a cikinsu. Ni a ganina da gangan marubuciyar ta sa wannan.

Anti Hauwa, Barnawa

Wannan gaskiya ne Zee, kuma haka yake faruwa a zahiri. A asibiti ma sau da yawa dangi ba sa barin a yi komai, gaggawarsu a kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi, in ka ambaci binciken gawa sai a ga kamar ka ci mutuncin mamaci. Duk wanda zai rubuta labarin bincike a ƙasar Hausa da wannan zai fara karo. Ita ta mayar da shi ƙarfin labarin. Tunda babu likitan gawa, babu ɗan sanda, sai idon Goggo. Wurin da ta durƙusa ta kama hannun ƙaninta tana masa addu'a, ta ga fatar yatsunsa ta yi fari ta tattare kamar ta macen da ta wuni tana wanki, ta yi shiru ta mayar da hannun cikin bargo. Ba a ce mana komai ba a lokacin. Amma an nuna mana. Fata ba ta yin haka sosai a rabin awa.

Maman Ilham, Unguwar Rimi

Duk na yarda da ku a kan lokacin mutuwa. Ban ce ta ɓoye wannan ba. Amma Malam, ban yarda da rabon da ka yi ba. A labarin da mutum takwas suke da damar yin abu, dalili ne yake fitar da ɗaya. Da aka gane da dare ne, ai kowa ya koma cikin zargi: babban ɗan Alhaji da aka hana kuɗin mota, ƙanin uwargida da ake bi bashi, abokin kasuwancin nan da suka yi cacar baki a wurin cin abinci. Kowannensu an ba mu dalilinsa a fili. Yaron kaɗai aka ɓoye nasa. Ta ɓoye ne don kada mu gane, ba don labarin ya buƙaci haka ba.

Hajiya Binta, Unguwar Sarki

'Yata Maman Ilham, ni dai tsohuwa ce, a hankali nake karatu, jikata ce take ƙara mini girman rubutun a waya. Amma tun ranar da suka isa na ce a raina yaron nan akwai abin da ke cinsa.

Ki duba rabon ɗakuna. An kama wa 'ya'yan Alhaji ɗaki mai na'urar sanyi, shi aka ce ya je ya kwana da direba. Ki duba fita kallon namun daji. Motar ta cika, aka ce ya zauna ya tsare kaya kada birai su shiga. Yaron da tun a hanya yake tambayar ko za a ga giwa. Ya wuni zaune a bakin ƙofa da sanda yana korar gwaggon biri, su kuma suka dawo suna ba da labarin gwanki da ɓauna. Ki duba kuma maganar da uwargida ta yi a kicin, cewa shekarunsu ɗaya da babban ɗanta, tare aka sa su firamare. Ɗaya ya gama jami'a, ɗaya yana shago a Kasuwar Barci yana auna yadi. Mahaifinsa kuma an ce manomi ne mai rufin asiri a hanyar Zariya. Duk wanda ya tashi a babban gida zai tambayi kansa, to ina abin da uban ya bari? Ba sai an nuna mini takarda ba. Na ga irin wannan da idona ba sau ɗaya ba, a gidajen da ake ganin girmansu.

Ummi Kawo

Hajiya wallahi ban haɗa waɗannan ba sai yanzu. Wurin tsaron kayan nan dariya na yi ta yi saboda birin da ya sace burodi.

Ustaz Bashir, Badarawa

Hajiya ta faɗi abin da nake son faɗi, sai in ƙara da ɓangaren gado, don marubuciyar ta san shi kuma ta yi aiki da shi.

Masu zargin amarya saboda dukiya, lissafi bai goyi bayansu ba. In mamaci ya bar 'ya'ya, matansa tumuni suke rabawa, wato ɗaya bisa takwas. Su biyu ne, kowace ta tashi da ɗaya bisa sha shida, ga takaba wata huɗu da kwana goma. Amaryar da ba ta haihu ba, mijinta a raye ya fi mata komai. Sannan wanda ya kashe ba ya gadon wanda ya kashe, wannan sananne ne a shari'a. Yaron kuma ko da Alhaji ya mutu a kan gadonsa ba shi da kaso, tunda akwai 'ya'ya maza sun katange shi. Ke nan mutuwar Alhaji ba ta ƙara masa ko sisi. Wannan ya sa mu masu karatu muka cire shi daga lissafi, don mun saba neman wanda zai amfana. Goggo kuwa ta nemi wanda aka cuta. Kuma ku tuna ayar da limamin sansanin ya ja a sallar isha'i daren da abin zai faru: aya ta 10 a Suratun Nisa'i, wadda ke magana a kan masu cin dukiyar marayu da zalunci. An ce Alhaji ya fita bai tsaya addu'a ba. Wannan ba a banza aka sa shi ba.

Abin da ban gamsu da shi ba shi ne yafiyar ƙarshe. An sa uwargida ta ce sun yafe, labari ya rufe. A mazhabar Malikiyya in kisan yaudara ne, wanda ake kira gila, babu yafiya a cikinsa. In kuma faɗa ne ya kaure ya ture shi kansa ya bugi matakala, kamar yadda yaron ya amsa, to akwai maganar 'ya'yan mamaci da diyya, ba maganar uwargida kaɗai ba. Ga kuma hukuma, wadda ba ta rufe shari'ar rai don iyali sun ce sun haƙura. Ta yi gaggawa a nan.

Abdul Rigasa

Ni matsalata daban ce. Soyayyar ɗalibar likita da mai jagorar yawon daji ta cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na littafin. Ga gawa a ɗaki, su suna zaune ƙarƙashin bishiya suna musayar kalamai. Na riƙa tsallakewa.

Zee Malali

Yaya Abdul, in babu soyayya su wa za su biya kuɗin littafin? Mata ne masu saye, kuma marubuta sun san haka. Kuma ta bakin jagoran muka ji abubuwa da yawa: cewa a 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe wa baƙi a 1962, cewa da rani ake ganin dabbobi sosai don suna taruwa a bakin Kogin Gaji, da damina kuwa ciyawa ta yi tsawo sun bazu. Shi ne ma ya ce baƙon da ya san dajin ba ya zuwa a watan Agusta don kallon giwa. Daga nan Goggo ta fara tunanin me ya kawo Alhaji da abokin kasuwancinsa a wannan lokacin.

Abdul Rigasa

Wannan a shafi biyu za a faɗe shi. Ba sai an yi babi shida ba.

Malam Sani, Tudun Wada

A nan ina tare da Abdul. Labarin bincike numfashinsa gajere ne, in aka ja shi yana saki. Amma ina so mu lura da abin da ta buɗe mana. Shekara da shekaru labaranmu suna cikin falo da ɗakin kwana, ko a Dubai da Landan waɗanda marubucin bai taɓa takawa ba. Ga wadda ta ɗauki wuri namu ta yi aiki da ruwansa da yanayinsa har ya zama in ka cire wurin labarin ya rushe. A jihar nan ta Kaduna ma muna da irinsu. Ga ginin dutsen nan na Kajuru da wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980, a kan tudu, ɗakuna kaɗan. Ga ruwan Matsirga a wajen Kafanchan.

Hajiya Binta, Unguwar Sarki

Malam, na Kajuru a bar shi tukuna. An kai hari can a 2019 an rasa rayuka, masu su suna nan da ransu. Ba wurin ƙirƙirar gawa ba ne yanzu.

Malam Sani, Tudun Wada

Gaskiya ne Hajiya, Allah ya ƙara girma.

Maman Ilham, Unguwar Rimi

Hajiya, na koma na karanta wuraren da kika lissafa, duk suna nan yadda kika faɗa. Amma maimakon su sanyaya mini rai sai suka ƙara mini damuwa, kuma yanzu na fi gane abin da ke damuna.

Idan wulaƙancin da aka yi wa yaron shi ne alamar, to me littafin yake koya wa mai karatu? Cewa in an yi kisa a gida, a duba marayan da ke kwana da direba. Gidaje nawa ne a Kaduna suke da irin wannan yaron, ko yarinyar riƙo da ke wanke-wanke? Yawancinsu haƙuri suke yi har su girma su kama gabansu ba su cuci kowa ba. Dama kuma in cokali ya ɓata su ake fara kallo.

Shi ya sa nake cewa gonar ta fito tun da wuri. Da mun san Alhaji ya sayar da ita tun yaron yana aji uku, da mun ga yaron ya je wurin Goggo ya kai ƙara ta ce ya yi haƙuri, ya je wurin limamin unguwa aka ce ba a shiga tsakanin ɗa da uba, ya tsaya a ƙofar kotun shari'a ya juya don ba shi da wanda zai tsaya masa, da mun isa bakin ruwan nan tare da shi a daren. Duk waɗannan suna cikin littafin, amma a shafi uku na ƙarshe, a bakin Goggo, shi yana durƙushe kansa a ƙasa. Ba a ba shi bakin magana ba sai "haka ne" da "ku yafe mini". Amarya ta samu babi biyu tana ba da tarihinta. Abokin kasuwanci ya samu ɗaya. Shi da aka ci gadonsa bai samu ko shafi ba, saboda marubuciyar tana tsoron kada mu gano shi da wuri. Ta zaɓi ta ba mu mamaki a kan ta ba shi haƙƙinsa.

Kuma Goggo fa? Takardar tana jakarta tun daga Kaduna. Ta san an sayar da gonar, ta yi shiru shekara goma sha, sai da aka rasa rai ta fito da ita a gaban mutane. An rufe littafin ana yabon basirarta, babu wanda ya tambaye ta.

Ustaz Bashir, Badarawa

Wannan na ƙarshen babbar magana ce, Maman Ilham. Ita ce babbar yaya, ita ce shaida a kan takardar, sa hannunta yana jiki. Ɓoye shaida ma laifi ne da Alƙur'ani ya ambata a ƙarshen Suratul Baƙara.

Hajiya Binta, Unguwar Sarki

'Yata, a kan Goggo ban da abin cewa, kin fi ni gaskiya. Amma akwai layi ɗaya da nake so ki sake dubawa. Da 'yan sanda suka iso bayan an gyara hanya, kowa ya shiga motar Alhaji za a koma Kaduna, Goggo ba ta shiga ba. Ta ce wa direba ya sauke mata jakarta, ta bi motar da aka sa yaron zuwa Bauchi. Uwargida ta ce Yaya ina za ki, ta ce ba shi da kowa. Ni a wurina ta san abin da ta yi.

Maman Ilham, Unguwar Rimi

Na gani Hajiya. Layi ɗaya ne, kuma ya zo bayan an riga an sa masa ankwa. Ina so a ce marubuciyar ta tsaya a nan ta rubuta abin da suka ce wa juna a cikin motar, ko da shafi biyu ne, ta rage daga hirar masoyan.

Anti Hauwa, Barnawa

An ce tana amsa tambayoyin masu karatu duk ƙarshen littafi. Maman Ilham ki rubuta wannan yadda kika faɗa mana, ki haɗa da maganar Ustaz ta yafiya da tawa ta sandarewar gawa, mu tura mata gaba ɗaya kafin ta kai shi ɗab'i.